Laya ko Ramin Ɓuya: Muhawara kan Al'ada da Iko a Yaƙin 'Yantar da Baƙar Fata

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, kuma ina roƙon masu ilimi a cikinmu su taya ni warware ta. A watan Fabrairu na 1970 Amilcar Cabral, jagoran yaƙin ƙwatar 'yancin Gini Bisau da tsibiran Cape Verde, ya gabatar da lacca a Jami'ar Syracuse ta Amurka don tunawa da Eduardo Mondlane, jagoran yaƙin 'yancin Mozambik, wanda aka kashe da bam shekara guda kafin nan. Mutumin da ya baro dakarunsa a daji suna fafatawa da sojojin Fotugal, kowa zai zaci zancen bindiga zai yi, sai ga shi ya ɓuge da zancen al'ada. Gundarin abin da ya faɗa shi ne, ɗan mulkin mallaka ba ya samun barci sai ya danne al'adar mutanen da ya mallaka, kuma muddin wani sashe na jama'a yana riƙe da rayuwarsa ta gado, to mulkin baƙo bai zauna da gindinsa ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar rabin maganar mu watsar da rabi. Cabral masanin aikin gona ne da ya yi karatu a Lisbon, kuma a 1953 shi ya zagaya ƙasar lungu-lungu yana ƙidayar gonaki, har ya san wace ƙabila ke noma me, wa ke da ƙasa, wa ke yi wa wani aiki. Ya ga Balanta masu noman shinkafa a fadamun bakin teku ba su da sarki, dattawan unguwa ke yanke magana, ya kuma ga Fulanin gabashin ƙasar suna da sarakuna da fadawa da talakawa, hawa-hawa. Da yaƙi ya ɓarke a Janairun 1963, Balanta ne suka cika rundunar jam'iyyarsa ta PAIGC, sarakunan Fulani da dama kuwa suka tsaya a bayan Turawa saboda Turawan ne ke tsare musu kujera. To ga tambayata: dukansu biyun al'adarsu ta gado suke bi, babu wanda ya aro tasa daga Turai, don me ɗaya ta haifi mayaƙa ɗaya ta haifi 'yan kore? Ra'ayina shi ne al'ada ba ta 'yantar da kowa sai an sheƙe ta an fitar da tsakuwa, sannan an ɗora ta a kan tsari da iko. Ina sauraron gyara.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Ni dai ina ganin ka rage wa al'ada kima, kuma mu da muka tashi a ƙarƙashin tsarin Faransa mun fi jin zafin abin a jikinmu. Lokacin da nake firamare akwai wani guntun ƙashi da aka huda aka zura wa zare, duk yaron da aka ji ya furta kalmar Hausa a harabar makaranta sai a rataya masa shi a wuya, shi kuma ya wuni yana laɓe yana kasa kunne ko wani zai yi suɓutar baki ya miƙa masa. Wanda aka tashi ƙashin yana wuyansa shi ke shan bulala. Abin da ya fi ciwo, shekaru da dama bayan tafiyar Turawa ake yin haka, kuma malamin da ke dukanmu Bahaushe ne kamarmu. Babu Bature ko ɗaya a garin da ke riƙe da bindiga a kanmu, amma mun koyi zama 'yan leƙen asirin juna a kan harshen iyayenmu. Idan wannan ba iko ba ne, ban san mene ne iko ba.

Su ma 'yan Fotugal haka suka yi a Gini Bisau. Kafin 1961 doka ta raba mutane gida biyu, kuma baƙar fata ba ya zama cikakken ɗan ƙasa sai ya nuna ya iya harshensu, ya bar al'adun gidansu, yana da abin hannu. Waɗanda suka tsallake wannan siraɗi ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mai mulki da ya ɗauki al'ada da muhimmanci har haka ya san abin da yake tsoro.

Malamin Tarihi:
Ɗan'uwa na Damagaram, labarinka ya taɓa ni, don mu ma a nan an ci tararmu a kan magana da Hausa a aji. Amma ka duba adadin da ka kawo da kanka. Idan waɗanda aka rina ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, ashe sauran casa'in da tara suna nan da harshensu da bukukuwansu da dodanninsu, kuma duk da haka an ci gaba da karɓar harajinsu ana tilasta musu noman gyaɗa. Cabral ya lura da wannan. A wurinsa manomi ba ya bukatar a ce masa ya koma tushe, domin bai taɓa barin tushen ba. Ɗan boko na birni, akawu da malamin makaranta, shi ne wanda ya ɓata, shi ne kuma ke ta ihun komawa ga al'ada. Ciwon da ni da kai muke ji ciwon 'yan boko ne, na gaske ne, amma kada mu mayar da shi ciwon kowa.

Injiniya:
Malam, ni zan wuce inda ka tsaya. A ganina zancen al'ada a tarihin nan ado ne kawai. Ranar 3 ga Agusta 1959 leburorin tashar jiragen ruwa ta Pidjiguiti a Bisau suka yi yajin aiki suna neman ƙarin albashi, 'yan sanda suka buɗe wuta suka kashe kimanin hamsin. Wannan jinin ne ya sa PAIGC ta bar birni ta koma ƙauye ta soma shirin yaƙi. Abin da ya karya lagon Fotugal kuma sananne ne: a 1973 mayaƙan suka samu makamai masu linzami na Strela daga Tarayyar Sobiyet suka fara kakkaɓo jiragen sama, sojan da ya saba ruwan wuta daga sama ya rasa inuwarsa. Ranar 24 ga Satumba 1973 aka ayyana 'yanci a yankin Boe, a Afrilun 1974 ƙananan hafsoshin Fotugal da suka gaji da yaƙin Afirka suka kifar da gwamnatinsu a Lisbon. A ina ganga da rawa suka shigo?

Wanda yake son ganin abin da al'ada ke yi idan ta faɗa hannun mai iko, ya dubi Mobutu. Mutumin da ke da hannu a faɗuwar Lumumba shi ne ya sauya wa Kongo suna zuwa Zaire a 1971, ya sa mutane suka yar da sunayen Turawa, ya hana sa kwat da laƙtaye, ya ɗora hular fatar damisa. Duk wannan ana yi, tagulla da lu'ulu'u na ficewa, kuɗin kuma na sauka a bankunan Turai. An ba talaka suna, an ɗauke masa tuwo.

Maman Khalifa:
Injiniya, da girmanka, ka tsallake shekara goma sha huɗu tsakanin Pidjiguiti da Strela kamar ba a yi komai a cikinsu ba, alhali nan ne maganar take. Makami mai linzami ba ya ɗaukar kansa. Wa ya ciyar da mayaƙan shekara goma a daji, wa ya ɗauki harsashi a ka cikin dare, wa ya ƙi tona asirinsu da aka zo ana ƙona ƙauye? Matan ƙauye ne da manoma, kuma ba da harshen Fotugal aka shawo kansu ba.

Amma ina tare da Malam a kan sheƙewa, kuma ina so in kawo abin da ya faru a Cassaca a Fabrairun 1964, shekara guda kacal da fara yaƙin. Labari ya iske Cabral cewa wasu kwamandojinsa a kudu sun zama ƙananan sarakuna: suna tara mata, suna sa mutane yi musu bauta, suna kashe waɗanda aka zarga da maita. Ba koyarwar Turawa ce ta sa su haka ba, abin da suka tashi suka tarar ne ya haɗu da bindiga. Ya kira babban taro, aka kwance wa waɗannan mutane ɗamara, aka hukunta su, wasu har da kisa. Daga wannan taro aka tsara runduna mai bin umarnin jam'iyya, aka buɗe makarantu da wuraren shan magani a yankunan da aka ƙwato, aka kafa kantunan jama'a inda manomi zai kai shinkafa ya karɓi gishiri da sabulu da yadi ba tare da ya bi ta hannun 'yan kasuwar Turawa ba. A kwamitin ƙauye mai mutum biyar an ce dole biyu su zama mata, kuma jam'iyya ta yaƙi auren dole. Dattawa da yawa ba su so ba, kuma da sunan al'ada suka ƙi. Da an bi su, da ba a samu jagorori mata irin su Carmen Pereira da Titina Sila ba, wadda aka kashe a kan hanyarta ta zuwa jana'izar Cabral. Don haka idan namiji ya ce mini mu koma al'adarmu, tambayata ta farko ita ce, wacce daga ciki, kuma wa zai zauna a ina?

Almajirin Zaure:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ina neman izinin manya in ja zancen zuwa wani wuri da ya shafe mu kai tsaye, wato Bahia ta ƙasar Birazil. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, an kwashi Hausawa da yawa aka sayar da su har suka ƙare a can. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa a birnin Salvador, a 1809 da 1814 kuma suka tashi da gaske, har takardun hukuma na ambaton jagoransu da wata kalma da masana ke ganin malam ce aka karkatar. A daren 24 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, bayi da 'yantattu Musulmi ɗari-ɗari, akasarinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan Salvador sanye da fararen riguna. Da aka murƙushe su, abin da 'yan sanda suka tarar a jikin gawawwaki da gidajensu shi ne layu, alluna da takardu masu ayoyi.

Injiniya zai ce laya ba ta tare harsashi ba, kuma ba zan yi masa musu ba. Sai dai ina so ya yi tunani: mutumin da aka raba da garinsu, aka canza masa suna, aka rubuta shi a littafin kaya tare da dawaki, me ya sa ya ga kansa a matsayin wanda ya fi ƙarfin bauta? A ɗakin da suke haɗuwa su yi karatu su sha ruwa tare, nan suka san juna, nan suka gane wanda za a iya ba amana. Makarantar allon ita ce ofishin shirya tawayen. Haka ma Haiti, taron dare na masu addinin gargajiya a dajin Bois Caiman a Agustan 1791 shi ya share fagen tashin da ya kai ga 'yanci a 1804.

Malamin Tarihi:
Madalla da wannan, ƙanena, amma Bahia tana da wani darasi da zai ba ka mamaki. Gwamnoni biyu da suka yi mulki a wancan zamani sun saɓa a kan kiɗe-kiɗen bayi. Na farkon, wanda ya tarar da shirin 1807, ya ga maganin abin shi ne a hana taro da ganga. Wanda ya zo a 1810, ana ce masa Conde dos Arcos, ya ce a ƙyale su su yi rawarsu ranar hutu, kuma dalilinsa ba tausayi kaɗai ba ne. Ya lissafa cewa idan kowace ƙabila ta taru a dandalinta tana kiɗanta, Bahaushe zai ci gaba da tuna shi Bahaushe ne, Bayarabe ya tuna shi Bayarabe ne, tsohuwar gabar da suka taho da ita daga gida ba za ta mutu ba, ranar da kuwa suka manta da bambancinsu suka zama abu ɗaya, Bahia ta shiga uku. Gangar da kake gani makamin 'yanci, mai mulki ya gan ta a matsayin shingen raba garke. Masana ma na ganin ɗaya daga dalilan faɗuwar tawayen 1835 shi ne bai ja baƙaƙen da aka haifa a Birazil ba.

Game da laya kuwa, mayaƙan Cabral ma suna ɗaure da nasu. Bai bi su ya tsinke ba, don ya san ranar da ya yi haka zai rasa runduna. Abin da ya yi ta nanata musu shi ne su haƙa ramin ɓuya idan jirgi ya taso, yana sa ran 'ya'yansu da suka shiga makaranta za su bar abin da kansu.

Dattijo:
'Ya'yana, kun sa na tuna 1977. Ina saurayi lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Najeriya, kuma na je Kaduna na ga hawan daba da idona. Dawaki dubbai, lifidi da sulke, algaita da kakaki, 'yan kwalkwali suna wucewa rukuni-rukuni, ƙura ta tashi har ba ka ganin na gabanka. Kusa da ni akwai wata baƙar fata daga Amurka, tsohuwa, tana kuka tana share hawaye da gefen mayafinta, ba ta jin abin da muke faɗa, mu ma ba ma jin nata. Har gobe ba zan ce wannan kukan banza ba ne. Amma ku riƙe abu biyu. Fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia ta Benin, wadda aka yi tambarin bikin da ita, tana gidan tarihi a Landan, an roƙa a ba da aronta an hana, sai kwaikwayonta aka sassaƙa. Sannan an rufe biki ranar 12 ga Fabrairu, ranar 18 ga wata sojoji suka ƙona gidan Fela a Legas, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga, matar da ta jagoranci matan Abeokuta a kan haraji tun zamanin Turawa. Al'adar da ke rawa a gaban manyan baƙi an kashe mata kuɗin mai, wadda ke zagin masu mulki an aika mata da wuta.

Mu kuma nan Arewa bai kamata zancen ya zame mana baƙo ba. Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, bai taɓa rawani ba, bai hana kakaki ba, ya bar alƙali a kujerarsa. Abin da ya ɗauke shi ne ikon naɗawa da tuɓewa da ikon baitulmali. Da talakawa da gudaddun bayi suka tashi a Satiru a 1906 da fartanya da gatari, sarauta tana gefen Bature aka shafe garin daga doron ƙasa. Shi ya sa da 'yan NEPU suka fito a 1950 ba su ce a dawo da al'ada ba, don ba ta je ko'ina ba. Cewa suka yi a 'yantar da talaka, kuma da waƙar Hausa da ayar Alƙur'ani suka faɗi hakan.

Ɗalibar Shari'a:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa game da Lugga shi gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta mayar da shi cikakkiyar doka. Tun 1913 aka keɓe wa baƙaƙe kimanin kashi bakwai cikin ɗari na ƙasar, a 1936 aka ce za a kai shi sha uku. A 1951 aka yi dokar da ta ɗora sarakunan gargajiya a kan waɗannan yankuna, daga baya aka ce kowace ƙabila ƙasa ce mai zaman kanta, Xhosa nasu daban, Zulu nasu daban, Tswana nasu daban, har aka ba Transkei 'yancin jeka-na-yi-ka a 1976 da tuta da taken ƙasa. Duk da sunan kare al'ada aka yi wannan, manufar kuwa ita ce a wayi gari babu baƙar fata ko ɗaya da ke da haƙƙin zama ɗan Afirka ta Kudu.

Abin da ya sa nake girmama Steve Biko, jagoran ɗaliban baƙaƙen ƙasar, shi ne ya gane tarkon. Ya yarda cewa sai an fara cire wa mutum ƙasƙancin da aka dasa masa a zuciya, amma ya ƙi yarda a yi hakan ta hanyar ƙabila. A ƙungiyar ɗalibai ta SASO kalmar baƙi ta haɗa 'yan Afirka da Indiyawa da masu ruwa biyu, duk wanda doka ta danne kuma ya ƙi miƙa wuya. Wato sabuwar al'ada suka ƙera, ba tsohuwa suka tono ba. Ba su kuma tsaya a baki ba, sun gina asibitin Zanempilo kusa da King William's Town don mutane su ga baƙar fata na iya tafiyar da abinsa. Injiniya ya tambaya ina al'ada ta shigo, to ranar 16 ga Yuni 1976 yaran Soweto a kan harshe suka fito, saboda an ce dole a koya musu lissafi da harshen Afrikaans. Amma zan ba shi gaskiyarsa ta wani gefen: an kashe Biko a hannun 'yan sanda ranar 12 ga Satumba 1977, wata guda bayan nan aka haramta ƙungiyoyinsa, kuma abin da ya durƙusar da gwamnatin daga baya ya haɗa da yajin aikin ma'aikata, ƙungiyar ƙwadago ta COSATU da aka kafa a 1985, takunkumin ƙasashen waje da yaƙin Angola.

Injiniya:
Na karɓi gyara a kan Soweto da Cassaca, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Sai dai ku lura, duk misalin da kuka kawo inda al'ada ta yi aiki, akwai ƙungiya a bayanta mai tara kuɗi, mai hukunta wanda ya saɓa, mai ciyar da mutane. A Amurka ma an yi wannan rigima har da jini. Ƙungiyar Maulana Karenga, wanda ya ƙirƙiro bikin Kwanzaa a 1966, ta ce a fara da sunaye da tufafi da harshen Swahili, 'yan Black Panther, wata ƙungiyar gwagwarmayar baƙaƙe, suka ce wannan ba zai hana ɗan sanda harbi ba, suka kama rabon karin kumallo ga yara da sa ido kan 'yan sanda. A Janairun 1969 rikicinsu ya kai ga kashe 'yan Panther biyu a jami'ar UCLA, daga baya kuma ta tabbata cewa hukumar FBI tana rura wutar da wasiƙun bogi. Ku dubi kuma wanda hukuma ta fi tsoro: Fred Hampton, jagoran 'yan Panther mai shekara 21, wanda ke haɗa talakawan baƙaƙe da farare da 'yan Puerto Rico a Chicago, shi aka bi har gado aka harbe a Disambar 1969.

Maman Khalifa:
Injiniya, ai ka dawo hanya ba ka sani ba. Ƙauracewar motocin haya da baƙaƙen Amurka suka yi a garin Montgomery saboda wariyar launin fata ta yi kwana 381, kuma a coci ake taruwa da dare a yi waƙa a yi addu'a, a cocin ake tara kuɗin mai, a nan ake tsara wa zai ɗauki wa zuwa aiki da safe. Ka cire waƙar ka gani ko masu aikatau za su jure tafiyar ƙasa shekara guda, ka cire motocin da ake ɗaukar juna da su ka gani ko waƙar za ta kai su wurin aiki.

Akwai kuma abin da muke kaucewa a zauren nan. Almajirin Zaure ya ba mu labarin Hausawan Bahia, amma bai tsaya a kan wanda ya kama su ya sayar ba, alhali ba Bature ne ya shigo har ƙasar Hausa ya kamo su ba. Bauta tana cikin abin da muka gada, har yau akwai gidajen da ake bincika asalin mutum kafin a ba shi aure. Sai a 2003 Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka, kuma a 2008 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa ƙasar ta gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya 'yar shekara 12. Wanda ya riƙe ta ai da al'ada ya kafa hujja.

Alhaji Bafatake:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, fatauci ne ya kai ni Bisau sau biyu, don haka abin da na gani zan faɗa. Ƙasar da Malam ya ce mutanenta gwanayen noman shinkafa ne, yanzu yazawa ce ta cinye gonaki. Lokacin kaka za ka ga manomi ya kawo buhun ƙwallon yazawa, ɗan kasuwa ya ɗora a sikeli ya ba shi shinkafar da aka shigo da ita daga Asiya, ƙwallon kuma a loda shi ɗanye a jirgi zuwa Indiya inda za a fasa a sayar da tsada. Na tsaya a gaban wani sikeli na ga dattijo yana jayayya a kan awo, hularsa irin wadda Cabral ke sawa a hotuna, ya ƙare ya karɓi abin da aka ba shi ya tafi. Hoton Cabral yana ko'ina, filin jirgin saman Cape Verde ma sunansa ne, amma farashin yazawa ba a Bisau ake yanke shi ba.

Malamin Tarihi:
Alhaji, ka kawo mu inda ciwon yake. Tun a Havana a 1966 Cabral ya yi gargaɗin cewa 'yan bokon da za su gaji mulki, in ba su kashe son zuciyar ajinsu sun koma cikin talakawa ba, su ne za su zama sababbin iyayen gida. Shi kansa ba Bature ne ya ɗana masa kunamar bindiga ba. Ranar 20 ga Janairu 1973 a Konakiri mutanen jam'iyyarsa ne suka harbe shi, ana zargin da hannun 'yan leƙen asirin Fotugal, kuma abin da aka zuga su da shi shi ne wai 'yan Cape Verde masu hasken fata da ilimi suna shugabanci, 'yan Gini suna mutuwa a daji. A Nuwambar 1980 wannan ƙorafin ya sake tasowa, Nino Vieira ya kifar da Luis Cabral, ƙanin marigayin, haɗin kan ƙasashen biyu ya watse.

Ɗan Damagaram:
Allah ya gafarta Malam, na saurari kowa, na kuma sauka daga wani ɓangare na matsayina, amma akwai inda ba zan sauka ba. Cabral da kansa ya zaɓi a koyar da yara da harshen Fotugal a makarantun daji, har ya yaba shi a matsayin abu mai amfani da Turawa suka bari, alhali Kiriyol, wato cakuɗen harshen Turawa da harsunan gida, shi ne harshen da ya haɗa mayaƙansa, da shi suke magana a sansani. Bayan 'yanci aka gayyato masanin ilimi Paulo Freire ɗan Birazil don yaƙi da jahilci, shirin bai yi nisa ba, kuma shi kansa ya danganta matsalar da koyar da manoma karatu cikin harshen da ba sa ji. Haiti ma sai a tsarin mulkin 1987 aka amince da Kiriyol a matsayin harshen hukuma, shekara 183 bayan korar Faransawa. Dattijon da Alhaji ya gani a gaban sikeli, da wane harshe aka rubuta takardar farashin da gwamnati ke fitarwa kowace kaka, kuma da wane harshe zai kai ƙara idan an cuce shi a awo? Ina so Injiniya ya gaya mini ko wannan tambayar ta al'ada ce ko ta iko, don ni na kasa raba su.

Injiniya:
Ba zan iya raba su ba ni ma. Amma Alhaji, don Allah ka ƙara mana bayani a kan musayar nan: buhu nawa na shinkafa ake ba manomi a kan buhun yazawa a shekarun da ka je, kuma su wane ne ke riƙe da sikelin, 'yan ƙasar ne ko baƙi?